Abinci Na Ruɓewa, Mutane Na Kwana da Yunwa: A Ina Giɓin Yake?

Idan gaskiya ne duniya na zubar da abincin da ya haura tan biliyan ɗaya a shekara, me ya hana a kwashe shi a kai wa masu kwana da yunwa, magana ta ƙare? Wannan tambaya takan taso duk ranar 29 ga Satumba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke raya wa tun 2020 domin jan hankali kan asarar abinci da ɓarnarsa. Sai ka ga an jera hotuna biyu, tulin burodi a juji a gefe guda, yaro riƙe da kwano wayam a ɗaya gefen, a ce ga matsala ga magani. Wanda duk ya taɓa kwana cikinsa na kuka ba zai kalli hotunan nan bai ji zafi a ransa ba, kuma zafin yana kan hanya. Sai dai nisan da ke tsakanin jujin nan da kwanon nan ya fi yadda ake zato, kuma wanda bai san nisan ba zai kashe ƙarfinsa a inda amfaninsa bai taka kara ya karya ba.

Asara daban, ɓarna daban

Masu nazarin lamarin sun raba shi gida biyu. Asarar abinci ita ce abin da ke salwanta daga girbi zuwa bakin kanti: hatsin da ƙwari suka cinye a rumbu, kayan lambun da suka narke a bayan mota saboda zafi da munin hanya, kifin da ya ruɓe don babu ƙanƙara. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na abincin duniya a nan yake tafiya, kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya kusa kashi 20 a 2021. Ɓarna kuwa ita ce abin da ya iso lafiya ƙalau, sannan aka zubar da shi a kanti, ko gidan abinci, ko cikin gida.

A kan ɓarna, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar, wato UNEP, na 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da tan biliyan 1.05, kusan kashi 19 cikin 100 na abincin da ya kai ga masu saye. Akwai wani abu da masu yaɗa adadin ba su cika faɗa ba: lissafin ya haɗa da ɓawo da ƙashi da ƙwallo, abubuwan da ba a ci. Ko da aka cire su, hukumar ta ce abin da gidaje kaɗai ke zubarwa wanda ake iya ci ya kai aƙalla kwanon abinci biliyan ɗaya a kullum. A ɗaya ɓangaren, rahoton Majalisar na 2025 kan halin abinci a duniya ya ce mutum kusan miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a 2024, miliyan 307 daga cikinsu a Afirka, sannan mutum biliyan 2.6 ba su da ƙarfin sayen abinci mai gina jiki.

Ɓarnar ba ta tsaya ga cikin mutane ba. Abincin da aka binne a juji yana ruɓewa ne ba tare da iska ba, sai ya riƙa fitar da iskar metan mai ɗumama duniya. Idan aka haɗa da takin zamani da ruwa da man da aka ƙona wajen noma shi da jigilarsa, asara da ɓarnar abinci na haifar da kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na hayaƙin da ke sauya yanayi. Wannan ya ninka na dukkan jiragen saman duniya kusan sau biyar. Shi ya sa a 2015 ƙasashe suka sa hannu kan burin rage ɓarnar abinci da rabi kafin 2030.

Wa ya fi zubarwa?

Da za a tambayi mutum goma, tara za su nuna manyan kantuna da otal-otal. Alƙaluman UNEP sun nuna akasin haka. Daga cikin tan biliyan 1.05 ɗin nan, kantuna sun zubar da tan miliyan 131, gidajen abinci da makamantansu miliyan 290, gidajen mutane kuwa miliyan 631. Kashi 60 cikin 100 ke nan daga madafarmu yake fitowa, kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Wani abin mamakin shi ne, bambancin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da masu matsakaicin ƙarfi kilo 7 ne kacal ga mutum ɗaya. Mai wadata na zubarwa don ya sayi fiye da buƙatarsa. Mai ƙaramin ƙarfi na zubarwa don zafi ya lalata masa abin da ya rage kafin gari ya waye, ba shi da firji, ko yana da shi babu wuta. Dalilin ya bambanta, kwandon sharar ɗaya ne.

Na taɓa zaman shekara biyu ni kaɗai a ɗaki, kuma a nan na ga yadda abin ke faruwa ba tare da mutum ya yi niyya ba. Na sayi kabeji guda don ba a sayar da rabi. Na yanka ɓangare ɗaya ranar Litinin, na nannaɗe sauran. Laraba na dawo a gajiye na ci a waje. Juma'a na tuna da shi, na tarar gefensa ya yi baƙi, na ce gobe zan gyara. Ranar Lahadi na ɗauke shi da hannu biyu yana ɗiga. Babu wanda ya gan ni, babu motar agaji da za ta zo don rabin kabeji. A ninka wannan sau miliyoyin gidaje, shi ne kashi 60 ɗin. A riƙe wannan a zuciya, domin shi ne ke nuna iyakar abin da ake kira ceton abinci.

Mene ne ceton abinci?

Ceton abinci shi ne karɓar abincin da yake da lafiya amma mai shi zai zubar, a kai shi ga wanda zai ci kafin ya lalace. Asalinsa tsoho ne: kala, wato barin mabuƙata su tsinci abin da ya rage a gona bayan girbi, al'ummomi da dama sun san ta tun zamanin da. Salon zamani ya faro ne a birnin Phoenix na Amurka a 1967, inda John van Hengel ya kafa bankin abinci na St. Mary's. Abin da ya zaburar da shi wata uwa ce da ke ciyar da 'ya'yanta daga kwandunan sharar bayan kantuna, ita ta ce masa kamata ya yi a sami wurin da za a riƙa ajiye irin wannan abinci ana cira kamar banki. Daga nan abin ya bazu: City Harvest a New York a 1982, Tafel a Balin a 1993, OzHarvest da Ronni Kahn ta kafa a Sidni a 2004, Bankin Abinci na Masar, da Robin Hood Army a Delhi a 2014, inda 'yan sa-kai ke karɓar ragowar gidajen abinci su raba. Shirin Adahi da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara gudanarwa a 1983 shi ma ceto ne mai girma: naman hadayar alhazai da a da yake ruɓewa a Mina, yanzu ana yanka shi a mayanka ta zamani, a daskarar, a aika wa mabuƙata a ƙasashe da dama.

Daga baya aka sami ƙananan salo. Akwai firjin jama'a, wanda ake girkewa a bakin titi ko harabar wani gini, mai ragowa ya sa, mai buƙata ya ɗauka, babu rajista babu tambaya. Ƙungiyar foodsharing ta Jamus da aka fara a 2012 ta yaɗa shi, garin Galdakao na Sifen ya yi suna da nasa a 2015. Akwai kuma manhajojin waya irin su Too Good To Go da Olio, na farko yana sayar da ragowar kanti da rahusa dab da tashi, na biyu yana haɗa maƙwabci da maƙwabci.

Wanda bai taɓa shiga aikin ba yakan ɗauka bayarwa ce kawai. A zahiri tsere ne da agogo. Na yi sa-kai a wata madafar jama'a, kuma ba na manta wani yammaci da aka kira mu aka ce mu zo mu ɗauki katon-katon na madara. Muka je da murna. Da muka juya robar muka duba, saura kwana ɗaya. Firjinmu ɗaya ne, kuma cike yake. Muka raba aiki, wasu na buga waya, wasu na bi gida-gida da madara a hannu har bayan isha'i. Duk da haka sai da muka zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku da hannunmu, muka kuma biya kuɗin kwashe sharar. Wanda ya ba mu ya rubuta a littafinsa cewa bai zubar da komai ba. Daga ranar na gane cewa abincin da aka ceto kyauta ne, amma mota da mai da firji da wuta da mutumin da zai tashi da asuba ba kyauta ba ne, kuma yawancin ƙungiyoyin ceto a nan suke durƙushewa.

Me ya sa ɗan kasuwa ke gwammace zubarwa?

Galibi lissafi ne da tsoro. Ware abin da za a bayar, ajiye shi a sanyi, jiran mai ɗauka, duk suna cin lokacin ma'aikaci, alhali jefawa a kwandon shara minti ɗaya ne. Ga kuma fargabar kada wani ya ci ya kamu da ciwo a maka shi kotu. Amurka ta magance wannan fargaba a 1996 da dokar Bill Emerson, wadda ta kare duk wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga tuhuma, sai fa in ya yi mummunan sakaci ko ganganci. Faransa ta bi ta wata hanya a watan Fabrairun 2016: dokar Garot ta haramta wa kantunan da faɗinsu ya haura murabba'in mita 400 lalata abincin da ake iya ci, kamar yadda wasu suka riƙa zuba masa sinadarin wanki na bilic don kada a tsinta, ta kuma wajabta musu ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji. A wannan shekarar Italiya ta yi tata dokar, ita kuma ta fi karkata ga sauƙaƙa takardu da rangwamen haraji. Sin ta kafa dokar hana ɓarnar abinci a Afrilun 2021, har da tarar masu yaɗa bidiyon cin abinci fiye da kima.

Sai maganar kwanan watan da ake bugawa a jikin kaya, wadda ta ruɗa mutane da yawa. A Turai iri biyu ne. Ɗaya yana nufin a ci kafin rana kaza, in ta wuce akwai haɗari, kuma ana sa shi ne a kan irin su ɗanyen nama da kifi. Ɗayan yana nufin ya fi daɗi kafin rana kaza, bayanta ɗanɗano na iya raguwa amma abin bai zama guba ba. Taliya busasshiya ko abincin gwangwani da aka adana da kyau na iya wuce wannan rana da watanni lafiya lau. Wani bincike na Tarayyar Turai a 2018 ya danganta har kashi 10 cikin 100 na ɓarnar abinci a yankin da wannan kwanan wata. Shi ya sa wasu manyan kantunan Birtaniya suka cire shi daga ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace, suka bar wa ido da hanci hukunci.

Inda ceto ya tsaya

A nan ne ra'ayoyi suka rabu, kuma kowane ɓangare na da hujja. Masu goyon bayan ceto na cewa mai jin yunwa yau ba zai jira gyaran tattalin arziki ba, kuma barin abinci mai kyau ya ruɓe alhali maƙwabci bai ci ba abin kunya ne da kowane addini ya yi tir da shi. Wannan ba abin musu ba ne.

Masu suka kuwa na cewa yunwa ba ƙarancin abinci ne ke kawo ta ba a mafi yawan lokuta. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, wanda ya ga yunwar Bengal ta 1943 da idonsa yana yaro, ya nuna a aikinsa na 1981 cewa hatsin da ke yankin a shekarar bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. Farashi ne ya yi tashin gwauron zabi, ladan ƙwadago ya tsaya cik, mutum kusan miliyan uku suka mutu da hatsi a ƙasa. Yunwar da ta fi tsanani a yau ma tana inda ake yaƙi ne, ko fari, ko inda kuɗi ya rasa daraja, wuraren da ragowar burodin wani babban kanti a wata nahiya ba zai taɓa isa ba.

Suna ƙara da cewa ceto yakan zama mayafi. Kamfani ya ci gaba da yin odar da ta wuce kima tun da akwai inda zai sauke ragowa har a yaba masa. Gwamnati kuma ta ga layin mabuƙata ya sami mai kula da shi, ta ja jiki. A Birtaniya, ƙasa mai arziki, bankunan abinci na ƙungiyar agaji ta Trussell sun raba ƙunshin abincin gaggawa fiye da miliyan 3 a shekara ɗaya tsakanin 2023 da 2024. Abin da aka fara a matsayin agajin ɗan lokaci ya zauna daram. Akwai kuma batun mutunci. Mai karɓar ragowa ba ya zaɓa. Yau kek ne da lemon kwalba, gobe latas kwando biyar, alhali abin da uwa ke nema shi ne abin da za ta dafa wa yara ya riƙe musu ciki. Mutane da yawa sun gwammace su kwana haka da a gan su a layi, don rufin asiri na da daraja ko a wurin wanda ba shi da komai.

A ganina duka biyun gaskiya suka faɗa, sai dai ba a kan tambaya ɗaya suke magana ba. Ceto amsa ce mai kyau ga tambayar me za a yi da abincin da ya riga ya ragu. Tambayar me ya sa wannan mutum ba shi da abin saye kuwa, amsarta na wurin aiki da lada da farashi da zaman lafiya. Burazil ta nuna haka. Birnin Belo Horizonte ya ɗauki abinci a matsayin haƙƙin ɗan ƙasa tun 1993, ya buɗe gidajen abinci masu rahusa ga kowa, ya haɗa ƙananan manoma da kasuwa kai tsaye. A 2003 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kawar da yunwa tare da tallafin kuɗi ga iyalai, ta ƙarfafa ciyarwa a makarantu. A 2014 FAO ta cire ƙasar daga taswirar yunwa. Ta koma ciki bayan an sassauta shirye-shiryen kuma annobar korona ta zo, sannan ta sake fita a 2025. Bankunan abinci na cikin tsarin, amma ba su ne ginshiƙinsa ba.

Tukunya ɗaya

Mu koma ga rabin kabejin nan. Motar ceto ba za ta kai gare shi ba, doka ba za ta shiga madafar mutum ba. Abin da ke iya kaiwa gare shi shi ne wani bakin da zai ci. A nan ne zaman haɗaka ya shigo, kuma a nan nake ganin an fi yin sakaci da tunani.

Zaman haɗaka na nufin mutanen da ba lallai dangi ba ne su tsara rayuwarsu ta yadda za su haɗa wasu abubuwa, musamman saye da girki da ci. Binciken WRAP, ƙungiyar Birtaniya mai yaƙi da ɓarna, ya daɗe yana nuna cewa mai zama shi kaɗai ya fi mai zama cikin iyali zubar da abinci idan aka raba da yawan kai, kuma gidajen mutum ɗaya sai ƙaruwa suke yi a biranen duniya. Dalilin a fili yake. Kayan abinci ana ƙulla su ne daidai da iyali. Mutum ɗaya in ya yi tafiya ko ya yi rashin lafiya, duk abin da ke firjinsa ya tafi. Amma inda ake girka wa mutum talatin, rashin zuwan mutum biyu ba ya ɓata lissafi, ragowar dare ta zama abincin rana ga wanda ya wuni a gida, buhu guda da aka saya tare ya fi ƙulli talatin araha, wuta ɗaya ta yi aikin wuta goma. Mai girki kullum ga taro kuma hannunsa ya san awo.

Salon da aka fi ambata ya fito ne daga Denmak, inda a 1972 iyalai 27 suka tare a unguwar Sættedammen. Kowa da gidansa da madafarsa, amma akwai babban zaure da madafa ta kowa, ana cin abinci tare wasu ranaku a mako, girki kuma karɓa-karɓa ne. Tsarin ya yaɗu zuwa Holan da Amurka da wasu ƙasashe. Sai dai gina irin wannan unguwa na buƙatar jari, kuma yawancin mazaunanta masu rufin asiri ne. Yana rage ɓarna da kaɗaici, amma da wuya ya kai ga mai jin yunwa.

Misalin da ya fi taɓa ni na talakawa ne. A ƙarshen shekarun 1970, matan unguwannin marasa galihu na birnin Lima a ƙasar Peru suka fara haɗa ɗan abin da ke hannunsu su yi girki a wuri ɗaya. Wadda ta yi aikin girki ta ɗauki rabon gidanta, sauran su biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wanda ba shi da ko sisi a zuba masa. Da annobar korona ta rufe hanyoyin neman abinci a 2020, irin waɗannan tukwanen haɗaka suka sake ɓullowa a kan tsaunukan da ke kewaye da birnin, dubbai a faɗin ƙasar. Matan suka riƙa zuwa manyan kasuwanni suna karɓar kayan lambun da 'yan kasuwa za su zubar, su zauna su tsince, su yanke inda ya ɓaci, kafin azahar ya shiga tukunya. A 2022 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta amince da su. A nan ceto da haɗaka suka zama abu ɗaya, kuma kowanne ya rufe raunin ɗan'uwansa. Tumatir da ya fara laushi ba zai jure zaman rumbun ajiya da rabo gida-gida ba, amma tukunyar da ke kan wuta yau za ta cinye shi. Wadda ta ci kuma ba a layin sadaka ta tsaya ba, da guminta a ciki.

Gwamnatoci ma sun taɓa gwada haka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta buɗe gidajen cin abinci na jama'a fiye da 2,000, suna ciyar da dubban ɗaruruwan mutane kullum a farashi mai sauƙi, don an lissafa an ga girkin taro ya fi tsimin abinci da makamashi. A Amritsar ta Indiya kuwa, madafar babban wurin ibadar mabiya addinin Sikh na ciyar da dubban mutane kyauta a kullum, mai kuɗi da talaka a zaune a ƙasa sahu ɗaya, tsarin da ya faro tun zamanin Guru Nanak shekaru kusan 500 da suka wuce.

Idan aka tilasta

Kada wannan ya sa a ɗauka duk inda aka haɗa tukunya alheri ne. A 1958 gwamnatin Sin ta tattara mutanen karkara cikin manyan gungu, ta kafa miliyoyin madafun gwamnati, a wurare da yawa aka karɓe hatsin gidaje har da tukwanen ƙarfe. Aka ce kowa ya ci iya cikinsa kyauta. A watannin farko aka ci aka yi ɓarna, tun da ba wanda ke ganin rumbun a matsayin nasa. Da hatsi ya ƙare, ludayin ya koma hannun jami'i, yana iya hana wanda ya ga dama. Masana da yawa na lissafa waɗannan madafu cikin abubuwan da suka tsananta yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe mutane miliyoyi masu yawa. A 1961 aka rushe su. Bambancinsu da na matan Lima shi ne, a Lima masu ci su ne masu awo, sun san juna, kuma kowa na iya ficewa.

Ko haɗakar son rai ma tana da nata ciwon kai. Wani ba ya cin kaza, wani addininsa ya hana shi kaza. Akwai mai zuwa ci ba ya zuwa wanke-wanke. Nauyin yakan taru a kan mutum biyu ko uku, mafi yawa mata, ba lada, har su gaji su ajiye. Firjin jama'a in babu mai duba shi safe da yamma, cikin mako ɗaya zai zama abin gudu, kuma a kan tsafta ne hukumomin Balin suka tsaurara wa irin waɗannan firji ƙa'ida a 2016. Girkin taro in an yi sakaci da sanyaya ragowa, ciwon da zai kama mutum ɗaya sai ya kama hamsin.

Me ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi?

Ga wanda ke hannu baka hannu ƙwarya, ceton abinci na iya rage masa kashe kuɗi a wannan makon, kuma babu abin kunya a karɓarsa. Amma ba abin dogaro ba ne, domin yawansa na bin kuskuren 'yan kasuwa. Duk ranar da kantuna suka ƙware wajen hasashen ciniki, ko suka koma sayar da ragowarsu da rahusa ta manhaja, abin da ke isa ga ƙungiyoyin agaji zai ragu. Rage ɓarna da ciyar da mabuƙata daga ɓarna buri biyu ne da wata rana za su yi karo, kuma ya kamata masu tsara manufofi su san haka tun yanzu. Koriya ta Kudu, wadda ta hana binne ragowar abinci a juji tun 2005 kuma ta sa gidaje biyan kuɗi gwargwadon abin da suka zubar daga 2013, tana sarrafa kusan dukkan sharar abincinta zuwa taki da abincin dabbobi da gas. Nasara ce babba ga muhalli, amma ba ita ke ciyar da talakanta ba.

Abin da ke hannun mutane da kansu ya fi ƙanƙanta, kuma ya fi tabbas. Gida huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba. Ɗaliban da ke haya a gini ɗaya na iya yin girkin dare karɓa-karɓa. Masu firji na iya ba marasa shi gurbi. Wanda zai fara madafar jama'a kuwa, kafin ya nemi mai ba shi abinci, ya fara tanadar inda zai sanyaya shi, da jadawalin masu aiki wanda ba zai karya mutum ɗaya ba, da ƙarfin halin ce wa mai bayarwa a'a idan abin da ya kawo ya fi ƙarfin tukunyarsa. A madafar da na yi aiki, bayan daren madarar nan, mun rubuta tambayoyi uku a jikin bango kusa da waya: nawa ne, yaushe zai lalace, wa zai kawo shi. Wanda ya ɗauki kira ba ya cewa to sai ya ji amsar duka ukun.